Gaisuwar Kawu Idi

Idan ka je Boɗinga ka tambayi Arzika, sai an ce maka wanne, don masu sunan ba sa ƙidayuwa. Amma ka ce Arzika mai maganin albasa, ko mai shayin bakin titi zai nuna maka ofishinsu da baki. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya kamar wanda aka aika. Yana aiki da wani kamfani mai sayar da iri da taki da maganin ƙwari, kuma aikinsa manoma ne: su turo masa saƙon murya su faɗi abin da ke damun gonarsu, shi kuma ya gaya musu abin yi, in ta kama ya hau mashin ya je ya gani da idonsa.

Mutumin Mandera ne, a ƙasar Shagari. Mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, sai wan mahaifiyarsa, Kawu Idi, ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa. Arzika dai bai iya noma ba, kuma wannan ba sharri ba ne. In aka ba shi fartanya sai ya nome shukar ya bar ciyawar tana masa godiya. Kawu ya riƙa tsokanarsa da Sarkin Noma, sunan ya bi shi har ya yi gemu. Da tsohon ya ga kan yaron yana ja a boko sai ya sakar masa mara, albasar fadamarsa kuwa ita ta riƙe karatun har Arzika ya yi difloma a fannin aikin gona.

Akwai hali ɗaya na Kawu Idi da duk Mandera ta sani: bai taɓa buɗe baki ya roƙi kowa komai ba. Wata shekara injin ban ruwansa ya mutu ana tsakiyar rani. Bai ce wa kowa uffan ba. Sai ya wanke ƙafa ya tafi zauren maƙwabcinsa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi dabbobi, ya tashi. Washegari ya koma, ya sake gaisuwar daga farko. Bai daɗe yana haka ba maƙwabcin ya ɗauki nasa injin ya kai masa har fadama, kuma har yau babu wanda ya ambaci inji a tsakaninsu. Arzika ya tashi yana ganin wannan. Ya fi kowa sanin cewa in dattijo irin Kawu ya yawaita gaishe ka, to ba lafiya ba.

Da ya samu aiki ya yi ta neman hanyar sāka wa tsohon, abin ya gagara. Ya kai masa shadda, Kawu ya ba liman. Ya kai buhun shinkafa, aka rabar a unguwa. Da ya gaji ya yi ƙorafi, Kawu ya yi dariya ya ce, "Mi za ni yi da shadda, Sarkin Noma? Albasag ga dai, in wani abu yat taɓa ta, kai na likitanta. Shi ke nan tsakanina da kai." Arzika ya riƙe maganar hannu bibbiyu. Ita kaɗai ce ƙofar da Kawu ya bar masa a buɗe, ya kuma yi wa kansa alkawari cewa muddin yana wannan aiki, albasar Kawu ba za ta lalace ba.

Aikin kuwa ya zo ya fi ƙarfinsa. Kamfani ya buga lambarsa a jikin kalandar da aka raba ƙauyuka, sai saƙonni suka yi ta zuba daga Lambara, daga Dingyaɗi, daga inda ma bai taɓa takawa ba. Kuma manomi ba ya fara magana da matsala. Sai ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya yi wa kamfani addu'a, can a ƙarshe ya ce af, ganyen albasar nan fa yana wani iri. Kafin Arzika ya saurari na safe, na rana sun taru. Ya rame, ya zama mai saurin fushi, ya fara jin haushin gaisuwa, abin da bai taɓa zaton zai same shi ba.

Manajansu, Bashar, matashi ne da aka turo daga Sakkwato, kuma ba mugu ba ne, sauri kawai yake so. Shi ya nuna wa Arzika manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira, wadda kake rubuta wa umarni ta aikata. Ya ce masa duk sirrin yana wurin iya ba ta umarni. Da farko ta sha wahalar Sakkwatanci, ta yi ta kwaɓa, amma Arzika mai naci ne. Ya zauna ya yi ta gyara umarninsa har ya tsaya a kan wanda yake alfahari da shi: "Ga saƙonnin manoma. Cire gaisuwa, ka fito mini da masu matsala, mafi gaggawa a sama. Waɗanda gaisuwa ce kawai, rubuta musu amsa mai ladabi in tura." Ya raɗa wa manhajar suna Akawu.

A faɗi gaskiya, Akawu ya yi aiki. Abin da ke cin yini ya koma kafin shayi ya huce. A farkon sanyin nan, da ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganyen albasa suka ɓulla, Arzika ya riga su isa gonakin Dingyaɗi, aka yi feshi a kan lokaci, mutane suka yi ta sa masa albarka. Ya fara komawa gida da sauran rana, ya yi ƙiba kaɗan, ya dawo da fara'arsa. Bashar ya tara ma'aikata ya ce kowa ya kwafi umarnin Arzika. Ranar har tafi aka yi masa, shi kuwa kansa ya yi girma, ba zai musa ba.

A cikin waɗannan makonni ne sunan ya fara fitowa a ƙasan allon wayarsa, a sashen masu gaisuwa: "Idi, Mandera. Gaisuwa kawai." Arzika ya yi murmushi. Wato Kawu ma ya shigo zamani, da wayar 'yarsa Hasiya yake turowa. Ya duba amsar da Akawu ya shirya, ga ta tsaf da ladabi, ya tura, ya ce a ransa zai kira tsohon in ya samu sarari. Bayan kwanaki sunan ya sake fitowa, ya sake turawa. Kowace safiya Akawu sabon lissafi yake yi, ba ya tuna na jiya, shi kuma Arzika idonsa na can sama wurin masu matsala. Mutumin da ya fi kowa sanin gaisuwar Kawu, ya ga an rubuta masa "kawai" a gefenta, ya yarda.

A kasuwar Shagari ya haɗu da Hasiya, ranar da aka tura shi nuna wa manoma sabon iri. Ta tsaya gefe har ya gama, ba ta yi dariyar da ta saba yi masa ba. Da ya zo yana tsokanarta, ta katse shi.

"Yaya, mi Baba ya yi maka?"

"Kamar ƙaƙa? Ba shina turo man saƙo ina amsa mai ba?"

"Kana amsawa hwa. Ni ka karanta mishi." Ta gyara mayafinta. "Albasa tai ta ƙare, Yaya. Tun da ganye yah hwara hwari yac ce in ɗauko waya. Nic ce Baba, hwaɗa mishi kai tsaye. Yac ce a'a, Arzika na, ya san ni. Kullum in na karanta amsakka sai shi ce in sake karantawa, ko akwai inda kac ce kana tahe."

Arzika ya bar buhunan iri a hannun direban kamfani, ya hau mashin, bai ma tuna ya yi wa Hasiya sallama ba.

Bai shiga gari ba, fadama ya nufa. Tun daga nesa ya gane gonar, don ita kaɗai ce ba kore ba. Ganyen ya yi fari ya murɗe ya kwanta. Ya durƙusa ya tuge ɗaya, kan bai kai ƙwan zabo ba. Ciwon nan ya san shi kamar tafin hannunsa, shi ne wanda ya kashe a Dingyaɗi, kuma maganinsa na nan a akwatin bayan mashin ɗinsa tun farkon sanyi. Ya zauna a kan kunyar gonar ya yi kuka, kuka sosai irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Ya samu Kawu a zaure yana gyaran igiya. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa. Ya so a ce tsohon ya yi masa faɗa, ya zage shi, ko ya ɗauke kai. Kawu bai yi ko ɗaya ba. Ya sa aka shimfiɗa sabuwar tabarma, irin wadda ake fito wa baƙi da ita, aka kawo fura.

"Maraba da Malam Arzika. An zaka lahiya? Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa manyanku?"

Malam Arzika. Tunda yake bai taɓa jin wannan suna a bakin Kawu ba.

"Kawu, na biyo ta hwadama," ya ce, kansa a ƙasa. "Na ga albasa."

"Awo, haka Allah yas so bana. Sha hura." Ya ci gaba da murza igiyarsa. "Mun ga saƙonninka. Hausa mai kyau, kamar ta rediyo. Mun gode ƙwarai."

Arzika ya buɗe baki zai yi bayanin Akawu, ya rasa ta inda zai fara. Ya ce wa tsohon nan na'ura ce ke amsa masa? Da wannan ai gara a ce mantuwa ya yi. Da ya tashi tafiya ya sa rai da rakiya, don a wurin rakiya ne Kawu ke faɗin abin da ke ransa, sai ya raka mutum har bakin gari suna tafe yana magana. Ran nan a ƙofar zaure ya tsaya, ya ce a gaida gida.

Washegari a ofis Arzika ya nemo saƙonnin ya saurara da kunnensa, karo na farko. Muryar Kawu ce, a hankali, yana tambayar gida da aiki da gajiya. A na farkon har da dariya: "Sarkin Noma, kwana biyu." A na baya dariyar ta tafi, gaisuwar ta ƙara tsawo, yana maimaita tambayar da ya riga ya yi, yana yin shiru a tsakani kamar mai jiran a amsa. Na ƙarshen gajere ne. Babu inda ya ambaci albasa. Akawu bai yi ƙarya ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi, kuma wannan ne ya fi ci wa Arzika rai, don babu wanda zai ɗora wa laifin.

Ya gaya wa Bashar yana so a daina ware masu gaisuwa. Bashar ya saurare shi da tausayi, sannan ya tambaye shi wa zai saurari saƙonnin duka, da wane lokaci, kuma mutanen Dingyaɗi fa da aka ceta? Umarnin Arzika na nan yana aiki a wayar kowane ma'aikaci. Shi dai ya fara haɗa wa Akawu saƙonnin baya da na ranar, ya ƙara layi ɗaya a nasa umarnin, cewa duk wanda ya yi gaisuwa fiye da sau ɗaya a sa shi a sama. Yanzu yakan saurari waɗannan da kansa, yawancinsu kuwa gaisuwar ce da gaske, kuma aikinsa ya sake ja baya har an fara yi masa magana.

Ya kai wa Kawu iri da taki don shekara mai zuwa, aka rabar a unguwa. Daga nan bai sake kai komai ba. Abin da yake yi yanzu shi ne, duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya hau mashin ya tafi Mandera. Ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure, ya tambayi gida, ya tambayi dabbobi, ya tambayi ƙafar da ke damun tsohon. In ya ƙare sai ya sake ɗaukowa daga farko. Bai iya cewa a yafe masa ba, don a gidan da ya tashi ba a koya masa roƙo da baki ba, kuma ya san Kawu ya fi kowa gane abin da ke kawo mutum gaisuwa kowane mako.

Juma'ar da ta wuce, da ya miƙe zai tafi, Kawu ya ɗago ya dube shi.

"Malam Arzika, akwai wata magana ta?"

"A'a, Kawu. Gaisuwa ta kawai."

"To," in ji Kawu Idi, ya mai da idonsa kan igiyarsa. "Mun amsa."