Ɗakin Doreen da Jarin Vernon

Vernon Stuckey ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran bututun ɗumama ofisoshi a wani kamfanin rancen gidaje a Virginia. Duk ƙarshen shekara akan ba ma'aikata hannun jari tukuici. Kowa ya sayar da nasa ya canja mota, amma Vernon, sarkin taurin kai, ya ƙanƙame nasa, har kuɗin sallamarsa ya antaya a ciki. Ribar da ake rabawa ce ke biyan gidan kula da tsofaffi inda matarsa Doreen take tun da ciwon mantuwa ya kama ta. Duk duniya ɗakinta kaɗai take ganewa.

Wata Lahadi bayan coci, yana shan kofi da ƙanin Doreen, Lyle, sai talabijin ta ce gwamnati ta karɓi riƙon kamfanin. Vernon ya ajiye kofinsa.

"Riƙo suka ce ai, ba karyewa ba," in ji shi. "Ko ba haka ka ji ba?"

"Kai dai, suruki, bututu ka iya," Lyle ya ce. "Da karyewa ce, kotu za ta sayar da komai ta sallami masu bin bashi, ku masu jari ku tarar an suɗe tukunya. Ka yi kukanka ka huta. Wannan kuwa kamfani na nan da ransa, jarinka na nan da sunanka. Sai dai ba ka da ta cewa, rabon riba ya tsaya, gwamnati ce a gaban layi."

"To in sayar?"

"Wa zai saya da daraja gobe?"

"Har yaushe ke nan?"

"Babu wanda ya sani, wallahi."

Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe Vernon. Da ƙyar ya tuƙa motarsa zuwa wurin Doreen.

Ya same ta a bakin tagarta, an gyara mata gashi. Ta dube shi da ladabin da take yi wa baƙi, ta yi tambayar da take yi masa kullum, wadda kullum yake amsawa da dariya.

"Bawan Allah, ba za a tashe ni daga nan ba, ko?"

Vernon ya zauna a bakin gado ya riƙe hannunta.

"Har yaushe zan zauna?" ta sake cewa.

Amsar Lyle ce kaɗai a bakinsa, sai ya haɗiye ta.