Maganin Kano da Maganin Rano

Ku gyara zama, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Na daɗe ina fama da ciwon ɓarin kai. In ya taso, sai in ga wani walƙiya-walƙiya a gefen ido, ko ƙarar taɓarya ba na so. Da abin ya ishe ni, likita a Rano ya rubuta mini magani, aka zaga gari ba a samu ba, sai a Kano. To, ɗana na fari a can yake tuƙin mota. Shi ya ɗauki nauyin, duk wata sai ga shi a garinmu Rurum da kwalin magani a aljihu.

Kun san ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na zama hira da shi. In ya yi sallama sai in amsa ina kallon murhu. Amma tun jajibiri nake jiƙa gero, in ce marmarin fura nake yi.

Ana nan, ana nan, sai mai kantin magani a Rano ya ce an kawo irinsa. Wani kamfani ne ya yi, kwali daban, suna daban, abin da ke ciki ɗaya, kuma ga sauƙi. Likita ma ya ce haka ne. Ɗan nawa ya sayo, ya ajiye a gabana yana murna.

"Inna, an huta. Ko ɗan acaɓa kika aika zai kawo miki."

Na ce madalla. A raina kuwa ina lissafi. In magani na Rano, me zai kawo ɗana Rurum?

Da ciwon ya taso na sha. Wallahi ya yi aiki, ba zan yi wa magani ƙarya yanzu ba. Amma a lokacin na yi masa. Na aika Kano cewa na Rano bai karɓe ni ba. Wata uku yaron nan yana zuwa da na Kano.

Ƙanwata ta Durba ce ta tona ni. Ita ma tana da ciwon, na Ranon take sha. Ta zo ranar da ɗana ya zo, tana neman allura a cikin tasata, sai ta zaro ledar maganin Rano, duk an ɓalle ƙwayoyin.

"Yaya, wa ya shanye wannan? Ɓera?"

"Ajiye mini kayana."

"Lallai ɓeran gidan nan ya warke sarai!" Ta juya wajensa. "Kai kuma duk girmanka ba ka gane ba? Ba kwali take jira ba, mai kawo kwalin take jira."

Na ja mayafi na rufe fuska, tsofai-tsofai da ni. Shi ma ya sunkuyar da kai, ya shanye furarsa. Da zai tafi, daga bakin zaure ya ce, "Inna, ki riƙa shan na Rano. Hanya ai na san ta."

Mai kanti yana nan yana ciniki. Ƙanwata har yau in ta gan ni sai ta tambayi lafiyar ɓera. Ɗana kuwa ba kowane wata yake zuwa ba, ba zan ɓoye muku ba, wani lokacin sai a yi wata biyu. Amma yana zuwa, hannu rabbana, ya zauna har la'asar. Ni kuma ina kallon murhu.