Furen Badon da Na Ɗinka wa Inna

Washegarin bikin 'yar maƙwabtanmu a Kebbe, a kakar shekarar da na shiga aji biyar, ko koko ban tsaya sha ba na sungumi rariyar Gwaggo na nufi filin da mata suka yi rawa. Bawon rake da ledojin alewa ne ko'ina, awaki suna ta kiwo a tsakani. Na durƙusa na shiga tankaɗe rairayi. Baƙin da suka zo daga Sakkwato sun saka leshi mai duwatsun ƙyalli, na kuwa san duk inda aka yi juyi da tsalle dole wani abu ya zube. Kafin hantsi na tara abin da ya rufe tafin hannuna, farare tas kamar ƙanƙarar ruwan sama. Na ware masu huji, na watsar da na mannawa, don allura ba ta da hanyar bi ta cikinsu. Da na koma gida Gwaggo ta ga rariyar garinta ta yi futu-futu da ƙasa, na sha dundu, amma ko ƙwalla ban yi ba. Na san wadda nake tara wa.

Ni 'yar fari ce. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga Tambuwal aka kawo wa yayar babana, Gwaggo Ige, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Tsakani da Allah ba ta rage ni da komai ba, ci da sutura da faɗa duk na samu daidai gwargwado. Amma na san ina da uwa, kuma ina ganinta in an je salla ko wata hidima. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan yarinya" nake, ko "'yar Kebbe", in ta kama dole kuma "ke". Idan na gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya, idan na zauna kusa da ita sai ta tuna da wani aiki a tsakar gida. Ƙannena kuwa suna hawa cinyarta suna jan ɗankwalinta. Manya suka ce mini kunyar ɗan fari ke nan, alamar mace mai tarbiyya. Ni dai abin yana ci mini rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

A shekarar ne malamar aikin hannu ta koya mana ɗinkin ulu a kan buhun algarara. A wanke buhun, a yanke shi, a zana hoto da gawayi, sannan a bi ramukan saƙar ɗaya bayan ɗaya da zaren ulu har buhun ya ɓace. 'Yan ajinmu suka yi ƙananan shimfiɗun faranti suka huta. Ni kuwa da na ji Gwaggo tana cewa Inna tana da ciki, za ta sauka kafin azumi, sai na ƙudurta zan yi babba, na ratayawa a bango, in kai mata ranar suna. Lissafina na yarinta shi ne, abu in ya cika kyau ba ya kalluwa da gefen ido. Dole ta ɗago, dole ta tambayi wa ya yi, kuma amsar ita ce sunana, Luba.

Furen bado na zana, irin na tafkin da muke wanki a bayan gari. Ulun ruwan na samo shi ne daga tsohuwar rigar sanyina da na warware, koren ganyen kuma ragowar na malama ne. Lokacin yi ne ya zama aiki, domin kaka ce: ga kai abinci gona, ga roron gyaɗa, ga tsinkar wake, ga jan ruwa a rijiyar da igiyarta ke cinye tafin hannu. Sai na sayar da wasana. Ƙawayena suna carafke a gindin darbejiya, da yamma suna gaɗa a dandali, ni ina bayan rumbu da buhu a cinya. Har suna suka laƙaba mini, wai Tsohuwa Mai Allura.

Da ulu ya cika aka zo wajen duwatsu, nan Gwaggo ta shigo, don ita ma ta taɓa sana'ar a ƙuruciyarta. Ta hana ni zaren ulu, ta ba ni siririn zaren keke, ta ce in ruɓanya shi in goga masa kakin zuma don kada bakin dutse ya yanke shi. Kowane dutse sai allura ta ratsa shi ta sake dawowa, a ƙulle ta baya, yadda in ɗaya ya tsinke ba zai ja 'yan uwansa ba. In na yi sauri sai ta ƙwace ta warware, ta ce, "Mai gaugawa shi ka ɗumki biyu." Muka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faifai don kada su gangare, duk da haka wata baƙar kazarmu ta haɗiye mini mafi girma a cikinsu, na bi ta da muciya har zaure. Tsakiyar furen na cike ta da 'yan duwatsu ruwan ɗorawa da wata Bafillatana mai tallar nono ta kwance mini daga kitsonta. Masu ƙyallin nan na filin biki kuma na warwatsa su a kan ganyen, suka zama raɓa. Yatsuna duk sun huje, amma ranar da na shanya shi a rana har mai gidan Gwaggo sai da ya tsaya ya kalla.

Aka haifi namiji. Muka hau babur ni da Gwaggo, hanyar nan mai ramuka tana ta wurgi da mu, ni kuwa na naɗe aikina a ɗankwali na rungume a ƙirji har Tambuwal. Ɗakin Inna cike yake da mata, ƙamshin turaren wuta da kunun kanwa ya gauraye, tana bakin gado da jariri a hannu. Gwaggo ta karɓi ƙunshin ta warware a tsakiyar ɗaki, hasken ƙofa ya faɗa a kan duwatsun.

"Ku gani abin da ɗiyakku tay yi da hannunta," in ji Gwaggo.

Ɗaki ya ɗauki salati. Wata maƙwabciyar Inna, Tumba, ta shafa furen ta ce, "Wagga ƙaramar yarinya? Maijego, ɗago ki ga aikin ɗiyakki."

Na kafa wa Inna ido. Ba ta ɗago ba. Ta gyara wa jariri hula ta ce, "Ni ina nis samu ɗiya? Ɗiyar Ige ta." Aka miƙa mata shi har kan cinya, sai ta tura shi da bayan hannu wajen Tumba. "Tunda ya yi maki, ɗauki ki tahi da shi."

Mata suka yi ta yaba mata, wai kara ta ƙare a kan wannan baiwar Allah, wai irinsu sun yi ƙaranci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ni da hujin yatsu, Tumba da fure, Inna da yabo. Na fice na ɓuya a bayan ɗakin girki na yi ta kuka. Gwaggo ta ishe ni can ta ce in yi shiru kada in ba su kunya, wai da Inna ta riƙe furen, da an kai labarin rashin kunyarta har garin Jabo.

Sai da muka je Tambuwal babbar salla na sake ganin furen. Mijin Tumba ɗan kabu-kabu ne, ya ɗaure shi da roba a kan sirdin babur ɗinsa. Ya tsittsige duwatsun kaf, wai suna sukar fasinja. Farin furen ya koma kalar ƙasa, sai guntayen zaren da na goga wa kaki suna tsaye a inda raɓa take. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar allurar ulu ba.

Yanzu ina aure a Tambuwal, unguwa ɗaya da Inna. Duwatsun da na tankaɗe rairayi dominsu ana sayar da su a leda a kowane shagon tela, a manna da dutsen guga cikin ƙiftawar ido. 'Yar farina Asma'u, ina ƙwala mata kira da sunanta a tsakar gida, ina goya ta a gaban surukaina, masu cewa ba ni da kunya su yi ta faɗa. Kwanan baya ta zura wasu duwatsun roba a zare, a karkace, kala ba ta bi kala ba, ta kai wa kakarta. Inna ta ɗaura a hannu, duk wadda ta shigo sai ta nuna mata ta ce aikin Asma'u ne. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallo, Inna ta juyo ta ce, "Ke, miƙo man ruwa." Na tashi na miƙo. Mutane suna ce mini tana sona a zuci, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Ni dai na girma, na haihu, har yau ban ji yadda sunana yake a bakinta ba.