Ƙamshin Farin Fure a Zauren Malam

A shekarar da aka ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, azumi ya same mu a Zangon Kumasi babu wanda hankalinsa ke kwance. Kullum sai ka ji an ce gidan wane sun ɗaure kaya. Kafintocin unguwar Anloga suka ajiye gadaje da kujeru suka koma buga akwatuna, a Suame, unguwar makanikai, kuwa duk wata tsohuwar mota da aka manta da ita sai da aka tashe ta. Ni a Zango aka haife ni, uwata 'yar ƙasa ce, mutuniyar Salaga, ubana kuwa fataucin goro ya kawo shi daga Arewa, ƙetaren iyaka, kuma babu wanda ya iya gaya mini ko ni baƙuwa ce ko 'yar gida. Nakan ɗaure kayana da safe, in kwance su da la'asar.

Dillaliya ce ni. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya biyu, na fara da goro a faranti, har na kai ga babbar kwalla da nake ɗauka a ka ina bin gidajen matan da ba sa fita. Ina kai musu zannuwa da kwalli da sarƙoƙi da turare. Jarin dillaliya ƙofofin da ake buɗe mata ne, kuma ƙofar da ta fi kowace a wurina ita ce ta babban malamin layinmu. Duk wadda ke shiga gidansa, sauran gidaje ba sa tambayar halinta. Wadda aka hana shiga kuwa sai dai ta nemi wata sana'a.

Akwai wata Bayarabiya da nake sarin kaya a rumfarta a babbar kasuwa. Ta zo ɗakina da gumi, ta ce motarsu ta kusa tashi kuma ba ta sami akwati ba. Ta kafa wa akwatina na ƙarfe ido.

"Ƙawata, ba ni wannan, in bar miki kwalin turare."

"Iya, wane irin turare?"

"Na 'yan ofis. Na rana. Nas-nas ke sa shi."

"Matan Zango kika ga sun yi kama da nas?"

"Ke da kike sayar wa makaho madubi? Ɗauki mana!"

Na zazzage kayana a kan tabarma na ba ta akwatin. Ba don kwalin na yi ba, amma tunda ya shigo hannuna dole in juya shi, ga Salla ta matso, lokacin da turare ke tafiya.

Da na buɗe kwalba ɗaya na gane abin da na ɗauko. Turarenmu mai ne, mai kauri, ka cire murfi ya cika ɗaki, ya kwana uku a riga. Wannan kuwa kamar ruwa yake, kuma abin da ya fara dukan hancina warin akpeteshi ne, barasar nan da ake sayarwa a bayan layi. Na ɗiga a bayan hannu na ci gaba da aikina cikin takaici. Can ina wanke shinkafa sai na ji wani ƙamshi siriri, mai sanyi, kamar farin furen da ke buɗewa a shingen gidajen ma'aikata bayan an yi ruwa. Na duba tsakar gida ina neman mai shi. Ashe hannuna ne.

Na gwada shi a gida biyu, yadda muke yi, in buɗe kwalba in miƙa. Matar gidan farko ta kauce tana salati. Ta biyu ta ce, "Dillaliya, da azumi a bakina za ki shaƙa mini giya?" Babu wadda za ta jira warin ya tashi furen ya fito. Idan na buɗe wannan kwalba a gidan Malam, na kashe kaina. Sai dai ya shiga gidan a jikin mutum, ya riga ya huce.

To, a Zango mace ba ta fita da ƙamshi da rana. Turare na ɗaki ne da na dare. Na san haka tun kafin in san ɗaurin zane. Amma na yi lissafi irin na kasuwa: abu ne mara nauyi, wanda ba ya wuce tsawon hannu. Na ɗiga a wuya da wuyan hannu bayan asuba, na jira har hantsi, na shinshina ban ji komai ba. Na ce mata za su ji in sun matso, maza kuwa ba matsowa za su yi ba.

Abin da ban sani ba, hancin mai turare shi ke fara gajiya. Kuma wannan turare rana ce ke tashinsa. Na hau gangaren layinmu da kwalla a ka, gumi na zuba, mayafina ya jiƙe. Mai sayar da gawayi ya ɗago kai ya bi ni da kallo, na ɗauka gaisuwa ce.

Zauren Malam a cike yake ranar, dattawa sun zo jin shawara kan ko a tafi ko a zauna. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su, na miƙe zan wuce. Sai maganar ta tsaya cak. Wani tsoho ya ja hanci. Malam bai dube ni ba.

"Baiwar Allah."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Azumi ake yi, kuma nan hanya ce. Koma gida. In ana bukatarki za a aika."

Bai ƙara kalma ba, ni ma ban ba da haƙuri mai tsawo ba, don dogon haƙuri a gaban maza ƙarin kallo ne. Na sa takalmina na juya.

Kafin a sha ruwa labari ya riga ni gida. Washegari gidan da nake shiga ba sallama aka ce mini matar na barci. Wani gidan aka ce sai maigida ya dawo. Wasu ƙofofin tafiya ta rufe su, an sa kwaɗo an bar kaji a tsakar gida, sauran kuma ni na rufe su da hannuna. Na kasa zama. In fita da kwalla, in zaga, in dawo da ita yadda take. Na gangara har unguwar Krofrom wurin teloli mata 'yan Asante, suka sayi kaɗan suna yaba shi, amma wannan ba zai riƙe gida ba. Ɗaure kaya da kwance su ya dawo mini sabo, sai dai yanzu ko akwati ba ni da shi.

Ana cikin goman ƙarshe mai kokon layinmu ta tare ni ta ce Hajiya, mahaifiyar Malam, tana kirana, kuma in zo da abin nan. Tsohuwar ta daɗe a kwance da ciwon ƙirji, ɗakinta na jikin zaure.

Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗiga turaren a farin ƙyalle, na shanya a ɗaki har warin ya tashi, na naɗe na sa a gwangwani na rufe gam. Na yi wanka da sabulun salo na fita ba ƙamshin komai. Ta ƙofar baya na shiga, inda ake shigar da itace.

Hajiya na jingine da matashi, numfashinta na ƙugi.

"Ke ce mai fitinar?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ran nan na ji shi ya wuce ta taga. Yaran nan sun kusa kashe ni da turaren wuta, wai ɗakin na warin ciwo. In sun kunna in shaƙe, in ba su kunna ba masu dubiya su riƙa toshe hanci suna zaton ban gani. Miƙo."

Na buɗe gwangwanin. Ta ɗora ƙyallen a ƙirji ta lumshe ido. Na zauna ina jiran tari, bai zo ba.

Ta sa aka kira Malam. Ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Inna, an ce da barasa a ciki."

"Sha ka ga ina yi? Zo ka shinshina, in ka ji barasa ka gaya mini inda ka san warinta."

Matan da ke bayan labule suka ƙunshe dariya. Malam ya shafa gemu. Can ya ce abin da ya riga ya bi iska ba zai yi magana a kansa yau ba, amma titi ba ɗaki ba ne.

"Ta ji," in ji Hajiya. "Ba ka ga a gwangwani ta kawo ba? Gobe ta zaure za ta shigo. Ba na son mai kawo mini kaya tana bin hanyar itace."

Washegari na bi ta zaure. Dattawa sun ragu, wasu sun hau mota. Waɗanda suka saura suka ja hanci, ba su sami komai ba, suka amsa gaisuwata. A cikin gida na buɗe gwangwani ya zaga hannu zuwa hannu. Mai jego ce ta fara saye, don ta ce turare mai nauyi na sa jaririnta atishawa. Daga nan sauran gidajen suka farka daga barcin da aka ce suna yi.

Dokar korar baƙin ba ta zo ta kaina ba, ko da yake har bayan Salla ban daina firgita da ƙarar mota ba. Kwalin ya ƙare kafin damina, ban kuma sami irinsa ba, Bayarabiyar ma ban sake jin ɗuriyarta ba. Kwalba ɗaya na ɓoye saboda Hajiya, kuma kowace safiya ni ke kai mata ƙyallen, a rufe, ta zaure.