Yaya Sule Kar-a-goge

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Yaya Sule a Funtua ya san ba a danna maɓallin gogewa a gabansa. Da ka kai yatsa sai ka ji ya cafke maka wuyan hannu, ya ce, "Wa ka tambaya?" Shi ya sa aka laƙaba masa Kar-a-goge, kuma amsawa yake yi abinsa.

Ni ƙaninsa ne. Tare muke haɗa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mu zuba mata ƙananan manhajoji, mu raba wa makarantu da ƙungiyoyin manoma daga nan har Malumfashi. Fitinar aikin ita ce, manhaja takan fito sabuwa ta ƙi zama da tsohuwarta: ka saka wannan, waccan ta daina tashi. Masu son hutu sai su cire tsohuwar. Yaya Sule kuwa sai ya ware wa kowacce foldarta da kayan aikinta, ya ce raguna biyu ne, turke kawai za a raba musu.

Akwai wani injiniya da ya zo daga Kaduna, ya duba aikinmu ya ce kayan tarihi sun yi yawa, a share. Yaya ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi ko kakansa na raye. Ya ce yana nan, a Dayi.

"To da aka haife ka, goge shi aka yi?"

Bawan Allah ko ruwan da aka kawo masa bai ƙarasa ba.

Da ƙunshin manhajojin da muke rabawa ya yi nauyi har wata makaranta a Musawa ta kwana biyu tana saukewa daga intanet bai sauka ba, na ce yanzu kam dole a rage. Ina! Sai ya zuba shi a filashi, ya rataya a wuya da zaren buhu, ya hau tsohon babur ɗinsa mai madubi uku ya kai musu da kansa. Na ukun fasasshe ne, wai bai yi laifin da za a cire shi ba.

Sau ɗaya na yi masa taurin kai. Akwai tsohuwar manhajar da ke karanta rubutu da murya, wadda duk shekara take ba mu wahala. Na cire ta ban faɗa ba. Mako guda bai yi mini magana ba, amma fa gyaɗata yana ci. Ran na takwas ya ce in hau bayan babur. Sai Kafur, gidan Malam Yohanna, tsohon hedimasta da idanunsa suka tafi. Kwamfutarsa ta tsufa, sabuwar manhajar ba ta tashi a kanta, kuma da tsohuwar yake sauraron wasiƙun 'yarsa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. A hanyar dawowa abin da Yaya ya ce kawai shi ne, "Mutum ɗaya ma mutum ne." Muna isa shago na mayar da ita.

Bayan rasuwarsa aikin ya dawo kaina. Da na zo haɗa ƙunshin bana, tsohuwar muryar nan ta sake ƙin tashi. Wallahi na yi fushi, har na kai yatsa kan maɓallin, sai na ji kamar za a kama mini hannu. Kwana huɗu na yi ina lallaɓa ta, ina yi wa Yaya mita shi da ba ya nan, har ta tashi.

Na kai ƙunshin Kafur da kaina. Malam Yohanna ya lalubo maɓallin ya danna, muryar ta fara karanta gaisuwar 'yarsa. Ya saurara har ta kai ƙarshe, sannan ya ce, "Na ɗauka da Sule ya tafi, za a goge ni."

Sai na kama hannunsa na riƙe.

Ya Allah, bawanka Sule bai taɓa yarda a yar da kowa don ya tsufa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci. Zunubansa kaɗai muke roƙon Ka goge, na san wannan karon ba zai hana ba.