Tumakin Baffa Buba da Ayar da na Ƙi Karantawa

Ranar wata Alhamis ce da kaka, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Ina zaune a gindin rumbun Baba da Littafi Mai Tsarki a cinyata, Inna tana sheƙar gero a gefe, ƙaiƙayi yana sauka a kan shafin ina hure shi. An ba ni karatun da zan yi a coci ranar Lahadi, karo na farko da zan tsaya gaban manya. Na bi wurin da yatsa, na sake bi, sai na rufe littafin na ce wa Inna ba zan yi ba. Ta ɗauka kunya ce, ta yi dariya ta ci gaba da aikinta. Ba kunya ba ce. A ganina kuskure na gano a cikin littafin Allah.

Ƙauyenmu yana wajen Kiyawa. Mu Kiristoci 'yan gidaje ne a cikinsa, rijiyarmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, gayyarmu ɗaya. Ni kuwa tun ina ƙarama damuwa ta yi mini yawa. Idan na ɗaure awaki a turke sai na koma na ja igiyar kowace, na tafi, na sake dawowa. Idan muna 'yar gala-gala a filin makaranta ƙafata ta taɓa layi, ko ba wanda ya gani sai na fita da kaina, ƙawayena suna yi mini tsiya. To, mai irin wannan hali ce ta ji abin da Yaya Iliya ya faɗa. Ɗan wan babana ne, yana sakandare a Dutse, ya zo hutu da sabon takalmi da sabon ilimi. Ya ce littafin nan ba da Hausa aka fara rubuta shi ba, da Ibrananci ne da Helenanci, mutane ne suka juyo shi. “Kamar man gyaɗa ne,” in ji shi, “kana juye shi daga kwalba zuwa kwalba, wani yana zuba ƙasa.” Shi ya faɗi maganarsa ya tafi ƙwallo. Ni ta zauna mini a ƙirji.

Wurin da aka ba ni yana maganar makiyayi ne da tumakinsa. An ce yana kiran kowace da sunanta, ya wuce gaba, su kuma su bi shi don sun san muryarsa. Ni ce mai fita da dabbobin gidanmu bayan an tashi makaranta, na kuma san yadda ake yi. A baya ake tsayawa da tsumagiya, ana kora, ana jifan wadda ta nufi waken mutane da hoge. Da zan wuce gaba, kafin in waiwayo sun watse cikin gonar maƙwabcinmu Malam Sule. Ban taɓa ganin tunkiya mai suna ba, ban da wata da muke kira Ɓarauniya, ita ma ba ta amsawa. Sai na ce shi ke nan, ga man da ya zuba. Mai fassarar bai san kiwo ba, ya mai da baya gaba. In kuwa ya yi kuskure a nan, ina da ina kuma ya yi? Yaya zan tsaya a ɗakin Allah in karanta abin da ban tabbata Shi ya faɗa ba?

Da Baba ya dawo daga gona Inna ta gaya masa. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya jingine lauje, ya zauna a kan turmi, ya ce, “Uwata, nuna mini wurin.” Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Baba da girmansa ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci, yana yi a hankali, leɓensa yana motsi. Amma yana da wata ɗabi'a da ban gani wurin kowa ba. Idan kalma ta shige masa duhu ba ya tsallake ta, ba ya kuma yin gardama a kanta. Ɗaukarta yake yi ya kai wa wanda yake rayuwa da ita. Da ya ci karo da karkiya, wurin mai shanun huɗa ya je ya sa hannu ya ɗaga ta, ya ji nauyinta. Da ya karanta maganar maginin tukwane, ya wuni a gidan wata tsohuwa yana kallon yadda take rushe tukunyar da ta karkace ta sake ginawa. Ranar ya saurare ni har na gama, bai yi murmushi ba ko kaɗan. Ya ce, “Tambayarki tambaya ce. Ni ma korar na iya. Gobe sai mu je wurin masu abin.”

Kowace kaka Baffa Buba yakan sauka da dabbobinsa a gonarmu ta bayan fadama, su ci kara su bar mana taki. Bafulatani ne dogo, abokin Baba tun suna samari. Mun same shi da hantsi yana shirin fita. Bayan an gaisa an tambayi iyali da dabbobi, Baba ya gaya masa abin da ya kawo mu, bai ɓoye cewa daga littafinmu ne ba. Baffa Buba ya kyalkyale da dariya har ya dafa sandarsa. “Ku Haɓe ai kora kuka iya,” in ji shi. “To bismilla, kira su mu gani.” Baba ya gyara murya ya kwaikwayi irin kiran da yake jin abokinsa yana yi. Ko kunne ba su kaɗa ba. Na gwada ni ma, wani rago ya ɗago ya dube ni ya mai da kai.

Sai Baffa Buba ya saɓa sanda a kafaɗa, ya rataya hannuwansa a kanta, ya juya musu baya. Wani ɗan sauti ya yi, ba ma da ƙarfi ba, ya kama tafiya. Na ga kawuna suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya, garken duka ya miƙe ya bi shi, ba jifa ba tsumagiya. Wata farar tunkiya ta tsaya cin harawa, ya kira wani suna da Fulatanci bai ko waiwaya ba, ta taho da gudu. Da ya dawo, Baba ya faɗa masa sauran abin da ke cikin karatun, har da cewa ba sa bin baƙo. Baffa Buba ya ce, “Wanda ya faɗi wannan ya san dabba.”

A hanyar gida, da yake ni ce, sai na ce, “Baba, to sauran kalmomin fa?” Bai ce mini duk daidai suke ba. Ya ce shi bai san Ibrananci ba, kuma waɗanda suka juyo littafin mutane ne, suna iya gazawa. Akwai kalmomin da yake ɗauke da su shekara da shekaru, irin su kuringar inabi, bai sami wanda zai kai wa ba. “Wannan dai mun gani da idonmu,” ya ce. “Sauran, ɗaya-ɗaya za mu bi su.” Ranar Lahadi na tsaya a gaban ɗan cocinmu na ƙasa, na karanta har ƙarshe. Da na zo wurin da makiyayin ya wuce gaba, sandar Baffa Buba nake gani.

Yanzu ɗinki nake yi a Dutse, kuma har yau nakan warware ɗinkin da ba wanda ya ga aibinsa sai ni. 'Yata ta sa mini fassara iri-iri a waya, har da mai bayanin asalin kalma. Nakan gwada wannan da waccan in ga sun ɗan bambanta, tsohuwar damuwar ta motsa. Baba ya rasu, Baffa Buba ma haka, gonar bayan fadama kuma ba mai sauka a cikinta. Amsoshi sun yi mini yawa a tafin hannu. Abin da na rasa shi ne mai jingine laujensa ya ce mini gobe mu je mu gani.