Danjar Maman Afiavi

Shekara goma sha tara Maman Afiavi ta yi tana sayar da soyayyar ayaba a mahaɗar unguwarmu a Kwatano. Ba ta da rumfa, danja ce shagonta. Jar wuta takan tsaya daƙiƙa casa'in, a cikinsu take ratsa motoci da tire a ka, ta miƙa, ta karɓa, har ta sami sararin zagin mu 'yan zem, masu haya da babur. Da wannan ta raini 'ya'ya huɗu.

Sai ga Romaric, injiniyan wani kamfani, yana ƙirga motoci a tsakiyar rana. Ta tausaya masa, ta ba shi kujerarta da lema. Wata uku yana cin ayabarta kyauta yana kiranta Maman. Ita kuma ta zazzage masa duk abin da ta sani: hannun da ke cushewa in ma'aikatan tashar jirgin ruwa sun tashi, da lokacin da jar wuta ke tsare mutane alhali ɗaya hannun ko kare babu. Ya ce zai gyara mata mahaɗar. Baiwar Allah ta ɗauka rumfa zai sa a kafa mata.

Bayan damina kamfaninsu Romaric ya raba mana wata na'ura kamar akwatin ashana. Babur ya faɗa wa mota inda yake, mota ta faɗa wa ta bayanta, dukansu su faɗa wa danja, ita kuma ta buɗe wa hannun da ya fi cika. Ni ma na karɓa, da rawar jiki ma, don an ce shan mai zai ragu. Casa'in ɗin nan ta koma goma sha biyar. Kafin ta kai mota ta biyu an ba da kore.

Romaric bai sake takowa ba. Abin ya ci ta ƙwarai, har ta daina zagin kowa.

Rannan na faka a gefe don in saya. Ta daɗe tana kallon na'urar da ke ƙarƙashin kan babur ɗina.

“Kosi, har da kai a masu kai wa danja gulma?”

Na ce, “Maman, kowa ya sa.”

“Shi baƙo ne, ya ci ya tafi. Kai fa? Ranar da ka fara haya ni na nuna maka hannun da ake bi.”

Ta ƙunsa mini ayabar ta juya. Yanzu sau goma nake wuce ta a rana, kusan kullum a kan kore.